Tsatsar da Ke Cikin Tanki

Akwai wani mutum manomi, sunansa Habila, yana zaune a wani gari da ke gindin duwatsu. Mahaifinsa mai bishara ne a zamaninsa. Da ya rasu bai bar shanu ba, bai bar wata gona ta a zo a gani ba. Abin da ya bari shi ne wani tsohon babur, irin mai dogayen ƙafafun nan da tayoyi masu manyan haƙora, wanda aka ƙera don hanyar daji. A kansa tsohon ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana hawa da gangara tsakanin ƙauyukan kan dutse, yana kai Maganar Allah, yana kai maganin zazzaɓi, wani lokaci kuma ya sauko da mara lafiya an ɗaure shi a bayansa da zane. Mutanen can sun san kukan babur ɗin kamar yadda suka san muryar mai shi. Tun yana ƙasan kwari yara suke fita bakin hanya su jira.

Bayan rasuwar tsohon, mahaifiyar Habila ta ce ita zaman gari bai karɓe ta ba. Ta koma ƙauyensu na kan dutse, wurin 'yarta Lai'atu, ƙanwar Habila, wadda take aure a can. Mota ba ta zuwa ƙauyen nan. Mai tafiya a ƙasa, in ya tashi da sassafe, ba ya isa sai rana ta yi sanyi. Amma da babur irin na tsohon, tafiyar awa biyu ce.

Shi kuwa Habila ya tura babur ɗin cikin ɗakin ajiya a bayan gida. Kafin ya ja ƙofa sai ya tuna akwai sauran mai a tanki. Ya kawo tiyo ya zuƙe shi tas, ya zuba a injin ban-ruwa, wai don kada ya lalace a banza. Ko murfin bai tsaya ya ɗaura da kyau ba. Kwanon ɗakin yana yoyo, ba wani yoyo mai yawa ba, ɗigo ne ɗaya bayan ɗaya. Kowace damina Habila yakan ce zai toshe, kowane rani kuma ya manta, tun da ba a ganin yoyo da rani. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya.

Ana nan sai wata ƙungiya ta taso a garin, ta masu sha'awar tsofaffin babura. Akwai malaman makaranta a ciki, akwai 'yan kasuwa, har da wani tsohon soja. Sukan bi gidaje da bola suna tono baburan da aka yar, su gyara, su goge, kowace shekara kuma, ranar Litinin ta bayan Ista, su jera su a filin makarantar firamare jama'a su zo kallo. Ni ban ga laifin wannan ba. Mutum ya ɗauki abin da aka yar ya mai da shi abin amfani, ai aiki ne mai kyau. Sai dai a cikinsu akwai waɗanda in ka ga yadda suke shafa tankin babur da tsumma, sai ka yi addu'a Allah ya sa matansu suna samun ko rabin wannan kulawa.

Habila ya je kallo wata shekara, ya dawo gida zuciyarsa tana tafasa. Ya ce a ransa, duk filin nan babu babur mai tarihi kamar na mahaifina. Ya buɗe ɗakin ajiya, ya dubi babur ɗin. Tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun cinye kujera, sarƙa ta sandare, tsatsa kuwa ta bi ko'ina ta yi jajir.

Da Kirsimeti ya hau dutse gaida mahaifiyarsa, kamar yadda ya saba sau ɗaya a shekara. Ya tarar ta tsufa ƙwarai, idanunta sun kusa rufewa. Suna zaune a bakin ƙofa ya ce, “Mama, zan tada babur ɗin Baba.”

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Ta ce, “In ka tada shi, ka hau da shi nan. Idona ya tafi, amma kunnena yana nan. Bari in ji kukansa sau ɗaya yana hawowa daga kwari kafin in tafi gida.”

Ya ce, “Na yi alkawari, Mama.”

Kyan alkawari cikawa. Amma Habila ya sauko, aikin lambu ya sha kansa, yau da gobe, har saura kwana goma sha biyu a yi taron baburan. Sa'an nan ne ya farga. Ya ɗora babur ɗin a amalanke ya kai wa Baba Jatau, wani tsohon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Shi ne yake gyara babur ɗin tun mai shi yana da rai.

Baba Jatau ya daɗe yana kallon babur ɗin. Ya dafa shi yadda ake dafa kafaɗar tsohon aboki. Bai damu da kujera ba, bai damu da tayoyi ba. Ya taɓa injin ya ce lafiya lau yake, gama marigayi bai taɓa barinsa da ƙishin baƙin mai ba. Sa'an nan ya buɗe murfin tanki, ya sunsuna, ya haska tocila, ya zura yatsa ya fito da shi ja.

Ya ce, “Ɗana, wa ya zuƙe man da ke ciki?”

Habila ya ce, “Ni ne, Baba. Na ga zai lalace a banza.”

Tsohon ya ce, “To, ka ceci mai, ka ba da tanki. Tankin da yake cike ba ya tsatsa. Wanda aka bari wofi, shi ne raɓa take kwana a ciki.”

Habila ya tambaya mene ne abin yi. Baba Jatau ya ce hanya ɗaya ce, ba ta biyu. A cire tankin, a zuba tsakuwar rafi cikin tafi biyu, a zuba kananzir, a toshe baki, a yi ta girgizawa safe da yamma. A zubar, a sake zuba sabo, a sake girgizawa, har ranar da kananzir zai fito fari kamar yadda ya shiga. Bayan haka a shanya a rana, a ɗaga a duba inda haske yake ratsawa, a yi walda. Fenti kuwa shi ne aikin ƙarshe.

Habila ya ce, “Kwana nawa ke nan, Baba?”

Ya ce, “Ba ni zan faɗa ba, tsatsar ce za ta faɗa. Ƙila mako ɗaya, ƙila uku.”

Habila ya ce, “Baba, taro saura kwana goma sha biyu. Ka tada mini injin, a yi fenti, in ya so bayan taro sai a yi wannan.”

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce, “Mahaifinka ya ɗora rayukan mutane a kan babur ɗin nan. Ba zan sa hannuna a rabin aiki ba.”

Ran Habila ya ɓaci. Ya sake ɗora babur a amalanke ya kai wani gareji a bakin babban titi, wurin wani mai fenti da ya yi suna wajen saurin aiki. Mai fentin ya saurari labarin ya yi dariya. Ya zuba ɗan fetur a tankin, ya jujjuya sau biyu, ya zubar a ƙasa. Fetur ya fito kusan fari, gama tsatsar shekara goma sha ɗaya ta manne, ba jujjuyawa biyu ce za ta motsa ta ba.

Ya ce, “Ka gani, maigida? Tsoffin nan sun cika tsawaita zance. Ka dawo ranar Asabar.”

Ranar Asabar Habila ya dawo, da kyar ya gane babur ɗin. An sa sabbin tayoyi, sabuwar kujera, sabuwar sarƙa. An cike ramukan waje, an fesa jan fenti mai ƙyalli har mutum yana ganin fuskarsa a jikin tanki. Bugu ɗaya injin ya tashi da tsohuwar muryarsa. Habila ya ji hawaye sun zo masa, kuma hawayen gaskiya ne, gama yana ƙaunar mahaifinsa.

Ranar taro ba a yi zancen wani babur ba sai nasa. Filin makaranta a shimfiɗe yake, babu dutse, babu rami. Ya zaga sau uku, jama'a suna tafi. Wata tsohuwa 'yar kan dutse da ta zo cin kasuwa ta ji kukan, ta ajiye kayanta ta ce, “Wayyo, mai bishara ya dawo!” Aka yi ta ɗaukar hoto. Baba Jatau ma ya zo, ya tsaya can gefe. Da jama'a suka ragu ya matso ya ce, “Ya yi kyau, ɗana. To, an gama taro. Ka kawo tankin gobe.”

Habila ya ce, “Zan kawo, Baba.”

Bai kai ba. Ya zauna ya yi tunani, in aka cire tankin aka yi ta jijjiga shi, fentin zai kuje. In aka sa wutar walda, fentin zai ƙone. Ga babur yana tashi bugu ɗaya, yana kai shi coci yana dawo da shi, me ya rage? Kan dutse ma bai hau ba, gama ruwan farko ya sauka, hanya ta yi taɓo, yana tsoron duwatsu su karce masa jan fentin. Ya ce sai bayan shuka. Ya samo wani tsohon bargo yana rufe babur ɗin da shi, bargon da ya fi wanda yake rufa da shi kansa kyau.

Bayan mako uku, wata ranar Alhamis da sassafe, wayarsa ta yi ƙara. Lai'atu ce. Ta hau kan wani falalen dutse ne a bayan ƙauye, inda kaɗai waya take kamawa.

Ta ce, “Yaya, jikin Mama ya tsananta tun jiya. Ba ta cin komai. Ta ce a gaya maka ka zo yau. Ta ce ka zo da babur ɗin.”

Ya ce, “Gaya mata ina nan tafe. Kafin hantsi ya dubi ludayi na iso.”

Ya yaye bargo, ya cika tanki, ya kama hanya. Muddin yana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babur yana gudu lafiya. Sai ya haye rafi, hawa ya fara. Duwatsu, ramuka, saiwoyin itatuwa, babur yana tsalle yana dira. Abin da tsakuwar Baba Jatau za ta yi cikin kwanaki a ƙarƙashin mangwaro, hanya ta fara yin sa a cikin rabin sa'a. Tsatsar da ta manne ta soma ɓarewa, tana bin mai, tana gangarawa cikin kafireta, wato 'yar tukunyar nan da take auna wa injin mai. Babur ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu a gindin wata ɗorawa. Ko kashi ɗaya cikin uku na tafiyar bai yi ba.

Habila ya sauka, ya kwance kafireta, ya tarar da jan laka a ciki. Ya wanke, ya hura da baki, ya mayar, ya buga. Injin ya tashi. Ya yi tafiyar da ba ta fi tsawon gona biyu ba, ya sake mutuwa. Ya sake kwancewa. Ya sake wankewa. Sau huɗu yana haka, gumi yana zuba, wani ƙaramin noti ya faɗi cikin ciyawa ya yi ta lalube. Da tun a tsayawar farko ya ajiye babur ya kama tafiya a ƙasa, da ya isa kafin la'asar. Amma kowane karo sai ya ce wannan ne na ƙarshe, yanzu zai tafi. Ga shi kuma ya yi alkawarin zuwa da babur, ga shi ba ya iya barin jan abin nan a daji. Sauri ya haifi nawa. Sai da inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa sa'an nan ya jingina babur ɗin a wata bishiya, ya kama hawa da ƙafa, yana gudu inda ya iya, yana rarrafe inda bai iya ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya hango rufin ɗakunan ƙauyen. Kafin ya ga kowa, kunnensa ya jiyo muryoyin matan zumuntar coci suna waƙa a hankali, irin waƙar da ba a yin ta sai an yi rashi. Ya ƙarasa gidan.

Lai'atu ta tarye shi a bakin gida. Ta ce, “Sannu da hanya, Yaya.” Ta duba bayansa, ba ta ga babur ba, ba ta kuwa tambaya ba.

Ya ce, “Yaushe?”

Ta ce, “Da la'asar.” Ta share ido da bakin zane. “Tun da na gaya mata kana zuwa, ta sa aka fito da ita bakin ƙofa, ta juya kunnenta wajen kwari. Ko kaza ta yi kuka sai ta ce a kore ta. Sau biyu ta ɗaga hannu ta ce, ‘Ga shi can,’ ashe injin niƙa ne. Da rana ta karkata sai ta ce, ‘Ƙila hanya ce ba kyau. Ku gaya masa kada ya damu.’ Ba ta ƙara magana ba.”

Habila ya durƙusa a wurin da aka kwantar da ita ɗazu, tabarmar ma ba a naɗe ba, ya yi kuka irin na ƙaramin yaro.

Bayan an yi jana'iza, an gama karɓar gaisuwa, ya sauko. Ya tarar da babur ɗin a inda ya bar shi, yana ta ƙyallinsa a cikin ciyawa. Ya tura shi da hannu har gari. Bai bi ta gida ba, ya zarce ƙarƙashin mangwaro.

Baba Jatau ya tashi ya tarye shi, ya yi masa gaisuwar rashi yadda ya kamata. Bai ce na gaya maka ba. Ya kawo masa ruwa ya sha.

Habila ya ce, “Baba, cire tankin.”

Tsohon ya ce, “Fentin zai lalace.”

Ya ce, “Ya lalace.”

Baba Jatau ya cire tankin, ya zuba tsakuwa da kananzir, ya toshe, sa'an nan ya miƙa wa Habila. Ya ce, “Zauna kusa da ni, mu yi tare. In hannunka ya gaji ka ba ni. Girgizar nan ba a tsallake ta, ɗana. Ko a yi ta nan cikin inuwa, ko hanya ta yi maka ita a inda babu mai taimako.”

Kwana goma sha tara suka yi. Ranar farko abin da ya fito kamar kunun kanwa da aka dama da jar dawa. Habila ya kau da kai, tsohon ya ce, “A'a, dube shi. Naka ne.” Kowace rana jan yana raguwa, har ranar da kananzir ya fito fari. Suka shanya tankin, suka ɗaga shi sama, haske ya ratso ta huda uku waɗanda tsatsa da fenti suka ɓoye. Aka yi walda, jan fentin ya ƙone ya bar tabo baƙi ƙirin. Baba Jatau ya shafa abin hana tsatsa ciki da waje, ya tambaya wane launi za a fesa. Habila ya ce a bar shi haka.

Tafiyarsa ta farko kan dutse ce. Babur ya haye rafi, ya hau duwatsu, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Mutanen ƙauye suka ji kukan tun daga kwari, suka fito bakin hanya kamar dā. Habila ya wuce su ya tsaya a bakin kabarin mahaifiyarsa, ya kashe injin, ya daɗe a zaune. Tun daga ranar, in wani ya kwanta ciwo a kan dutse, shi ake kira. Bai ƙara kai babur ɗin filin makaranta ba, tankinsa kuwa kullum a cike yake.

To, 'yan'uwa ƙaunatattu, ma'anar misalin nan ba ta da nisa, ga ta.

Babur ɗin nan ni ne, kai ne, ke ce. Allah bai yi mu don a jera mu a fili a yi mana tafi ba. Ya yi mu don hanya mai wuya, mu ɗauki nauyin juna, mu kai ta'aziyya inda ake jiranta. Tankin kuwa zuciya ce, wurin da ba mai gani sai wanda ya buɗe murfi ya haska.

Ku lura da yadda tsatsar ta shiga. Habila bai ɗauki guduma ya fasa babur ɗin mahaifinsa ba. Mai kawai ya zuƙe, ya bar wurin wofi. Haka yake faruwa da mu. Ba kowa ne yake faɗuwa ta wurin babban zunubi ba. Yawancinmu addu'a muka zuƙe muka zuba a wani aiki da muke gani ya fi gaggawa. Karatun Maganar Allah muka zuƙe. Zumunci muka zuƙe. Zuciya ta zauna wofi, sai ɗigo ya fara shiga: 'yar ƙarya yau, ɗan hassada gobe, wata magana da ɗan'uwanka ya faɗa tun shekara biyar, ka ce ka yafe, amma har yau in ka hango shi sai ka sake hanya. Ɗigo ɗaya ba ya huda ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya tana hudawa.

Mai fentin nan kuwa, kada ku yi saurin zaginsa, gama kowannenmu yana da garejinsa a gida. Mun iya fenti, 'yan'uwa, mun iya ƙwarai. Mun san rigar da ake sawa ranar Lahadi, mun san inda ake cewa amin da ƙarfi, mun san yadda ake sunkuyar da kai in ana addu'a. Wani a ƙungiyar mawaƙa muryarsa kamar ta sauko da mala'iku, a gida kuwa in ya yi gyaran murya 'ya'yansa sai su watse. Ni mai rubuta wannan ban tsira ba. Na taɓa tsayawa a gaban aji ina koyar da gafara, alhali akwai mutumin da na yi wata bakwai ban amsa gaisuwarsa ba. Fentina yana ƙyalli a ranar, ba wanda ya gane. Ina faɗa da kunya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne babur ɗin yana tafiya. Da ya ƙi tashi tun farko, da Habila ya koma wurin tsohon. Amma yana tashi bugu ɗaya, yana zaga fili, yana zuwa coci. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsatsa da mara tsatsa duk ɗaya suke. Sai ranar da hawa ya zo, ranar ciwo, ranar rashi, ranar da aka zalunce ka, ranar da wani yake bukatar haƙurinka ko gaskiyarka kuma babu lokacin shiri. A ranar ne abin da ya manne a ciki yake ɓarewa ya toshe hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba Jatau hoton Ubangijinmu Yesu ne, ko da yake babu hoton da zai kai shi. Ba kujera yake dubawa ba, murfi yake buɗewa. Ba ya karɓar rabin aiki, gama ya san rayukan da za a ɗora a kanka. Tsakuwarsa da kananzir ɗinsa su ne tuba ta gaske: Ruhu Mai Tsarki ya girgiza ka, ka dubi abin da ya fito ka ce nawa ne, ka furta, ka je wurin wanda ka ɓata wa ka nemi gafara, gobe kuma a sake. Akwai zafi. Mutane za su ga tabon walda, wasu ma za su yi magana. Amma ku tuna yadda tsohon ya karɓi Habila. Bai goranta masa ba, ruwa ya ba shi, ya ce zauna kusa da ni, in hannunka ya gaji ka ba ni. Ubangiji ya fi haka alheri nesa, gama shi da jininsa yake wankewa, kuma babu tsatsar da ta fi ƙarfinsa.

Kada wani ya fita ya ce na koyar da cewa Allah ya ɗauki ran tsohuwar don ya hukunta ɗanta. Ban faɗa ba. Kwanakinta ne suka cika, ta tafi gida wurin Ubangijinta da salama, har da ta'aziyya a bakinta. Da Habila ya isa ma da ba zai ƙara mata kwana ba. Abin da ya rasa shi ne 'yan sa'o'in nan na ƙarshe tare da ita, da alkawarin da ya ɗauka. Allah ya gafarta masa, ya mai da shi abin amfani, ya ceci mutane ta hannunsa. Amma wannan yinin bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Gafara tana nan kullum ga mai tuba. Lokaci ne ba ya jira.

Saboda haka ina roƙonku, kada ku ce sai bayan taro, kada ku ce sai bayan shuka. Kowannenmu ya san abin da ke cikin tankinsa, ba sai an haska masa tocila ba. Kuma kowannenmu yana da wani wanda aka fito da shi bakin ƙofa, ya juya kunne wajen hanya yana sauraro. Ƙila mahaifinka ne, ƙila matarka ce, ƙila ɗan'uwan nan da ka daina yi wa magana. Har yanzu yana ba ka uzuri, yana cewa ƙila hanya ce ba kyau. Kai ka san ba hanya ba ce.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ga zukatanmu, mun gaji da fenti. Ka buɗe, ka girgiza, ka wanke, ka cika mu da Ruhunka, domin mu isa wurin masu jiranmu tun rana ba ta karkata ba. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.